Nasiha ga mai shirin ajiye allurar suga

Assalamu alaikum, 'yan uwana na Bauchi. Allah Maɗaukaki ya ce a suratuz Zariyat, aya ta 21: "Kuma a cikin kawunanku, ashe ba ku gani?"

To, mu duba. A bayan tumbin kowannenmu akwai wata tsoka da likitoci ke kira fankiriyas. Ba saifa ba ce, ba kuma matsarmama ba, mutane na yawan haɗa su. A cikinta akwai 'yan dunƙule-dunƙulen ƙwayoyin halitta kusan miliyan ɗaya, duka-duka ba su wuce kashi 2 cikin 100 na tsokar ba. Idan ka ci masa da miyar taushe, suga ya hau a jini, wasu daga cikin ƙwayoyin nan, da ake kira beta, sai su saki wani sinadari mai suna insulin ya shigar da sugan cikin tsoka da hanta. Idan kana azumi ya yi ƙasa, wasu ƙwayoyin da ake kira alfa su saki sinadarin gulukagon, hanta ta fito da ajiyarta. Kana barci ma aikin na tafiya. Subhanallah!

Ciwon suga a nan yake farawa. A nau'i na ɗaya, garkuwar jiki ce ke kashe ƙwayoyin beta, galibi tun ana yaro. Alhaji, Hajiya, yaron nan ba sammu aka yi masa ba. Shuwaka da tafarnuwa ba sa tayar da ƙwayar da ta mutu. Ɗaci a baki bai isa can ba. Ka tsayar masa da allurar insulin, cikin kwanaki jininsa zai gurɓace, ya kama amai da numfashi sama-sama, ya suma. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Tun 1922 ake yi wa mutane wannan allura.

A nau'i na biyu ƙwayoyin na nan, jiki ne ya daina sauraron insulin, sai su yi ta ninka aiki har su gaji. Teɓa, zama wuri ɗaya da lemon kwalba kullum su ne ke ƙara musu kaya.

Je ka gwada jini da safe kafin karyawa: in sugan ya kai 126 mg/dL ko sama, a maimaita gwajin, ka ga likita. Mai ciwon suga da ke azumi, in ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300, ya karya nan take, ya rama daga baya. Zafin watan Afrilu kuwa na lalata insulin. In babu wuta, a ƙulle kwalbar a leda a sa a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa, kada kuma a bari ta daskare a firiza.