Masu gyaran kwamfuta a Bauchi, ku dinga gwadawa kafin ku ce bod ya ƙone

Wallahi raina a ɓace yake da wasu masu gyaran kwamfuta a garin nan. Ka kai musu desktof ta ƙi tashi, ko murfin ba su gama kwancewa ba sai ka ji "Oga ai madabod ya tafi, sai dai a sa wani," wato babban allon nan na ciki da komai yake jone a kansa. Fisabilillahi da me ka gwada?

Shagon buga takardu gare ni a Yelwa, kuma kowa ya san lokacin furojek ɗin ɗalibai shi ne kakarmu. Aka kawo wuta da ƙarfi cikin dare, da safe na danna maɓallin kwamfutata shiru, fanka ba ta juya ba, ko ɗan hasken gaba babu. Na ɗora ta a keke napep har wajen Wunti. Yaron shagon ya jona, ya daddanna, ya kai hanci bayanta ya sunsuna, shi ke nan wai bod ne, ya yanka min kuɗin da ya kusa rabin na wata beljiyom ɗin. Na duba teburinsa kaf babu mitar gwada wuta, sukundireba ce kawai da bulowa. Ga aikin yaran mutane a ciki, suna ta kirana, wata har da kuka don washegari za ta kai wa malaminta.

Haba jama'a, kwamfutar da ta mutu murus ai daga wuta ake farawa. A canza wayar wutar, a canza soket, sannan a zo kan fawa fak, akwatin nan da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, don shi ne yake fara shan bugu duk sanda wuta ta yi tsalle ko aka tada janareta ba stabilaiza. Gwajinsa ko minti biyar ba ya kaiwa. Babbar wayar nan mai fin 24 da ke shiga bod, a zare ta, a haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan kilif na takarda, in fankarsa ta juya to akwai rai, sai a sa mita a ga ko ruwan ɗorawa tana ba da bolt 12, ja tana ba da 5, ruwan lemo 3.3. Ƙananan HP da Dell ɗin da ake kawo mana da yawansu wayarsu ba irin wannan ba ce, na yarda, amma ai wasu Dell ɗin har maɓallin gwaji suke da shi a bayan fawa fak ɗin da ɗan koren haske, dannawa kawai za ka yi. Mutum ya buɗe shago da allo ƙato bai san wannan ba?

Kuma in fawa fak lafiya lau ne ma ba a kai ga bod ba tukuna. Maɓallin kunnawa kansa yana lalacewa, a taɓa fin biyunsa a kan bod da bakin sukundireba a gani. A zare ram, siririn katin memorin nan, a goge ƙurar hunturun nan da ke cika mana injuna a mayar, a cire had dis, ma'ajiyar aiki, da duk wani kati a gwada ta tsurarta, a duba batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, bolt 3 ne kacal. Sannan a haska bod ɗin da tocila, a duba kafasita, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a kansa, wadda ta mutu sau da yawa kanta yana kumbura ko ta zubo da wani abu kamar tsatsa, ido ma yana gani. Akwai kuma ɗan jan makunni a bayan wasu tsofaffi da suka fito daga Amurka, 115 da 230, in yana kan 115 aka jona a wutarmu nan take zai yi tartsatsi.

Wani dattijo ne a wani ɗan lungu ya karɓi tawa, ya ce "ɗana zauna ka gani da idonka." Ya sa kilif, fanka ko motsi. Ya jona wani fawa fak ɗin, sai ga ta ta tashi da ƙarar nan tata guda ɗaya, bod ɗin da aka ce ya ƙone lafiyarsa ƙalau, aikin ɗalibai duk yana nan.

Abin da ya fi ƙona min rai, da na yarda da na farkon da bod ɗina mai rai zai zauna a shagonsa ya sayar wa wani, kuma dole ya sa min fawa fak ɗin a ɓoye tunda shi ne matsalar, ya ci ni ta ko'ina. Mutum nawa aka yi wa haka, malaman makaranta, masu kafe, waɗanda da bashi suka sayi injin? Don Allah duk wanda aka ce wa bod ya ƙone ya ce a gwada a gabansa da wani fawa fak, ya duba ram ɗinsa da had dis kafin ya bar ta a shago, in kuma an canza wani abu ya karɓi tsohon ya tafi da kayansa gida.