Wa ka shaida da ƙuri'arka?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwana na Damagaram.

Allah Maɗaukakin Sarki ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 36: kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa, domin ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne. Mukan jawo ayar nan idan ana maganar gulma da ƙazafi, amma da wuya ka ji an jawo ta a kan zaɓe. Alhali duk wanda ya jefa ƙuri'a shaida ya bayar cewa wane ya cancanci a damƙa masa amanar jama'a. To, da wane ilimi muka bayar da tamu?

Tun watan Maris na 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa a ƙasar nan ta Nijar. Ba gangami, ba rabon atamfa, zukata sun ɗan huce. Yanzu ne mutum zai iya yi wa kansa hisabi ba tare da an ce wani yake yi wa aiki ba.

Ku tuna zaɓen 'yan majalisa na Disamban 2020. Jerin sunayen da jam'iyya ta tsara muka zaɓa, ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu, daga sama zuwa ƙasa. Don Allah, mu nawa ne za mu iya kawo sunayen mutum uku na farko a jerin da muka jefa wa? Launi muka sani, da alama, da waƙa. Wani ma abin da ya sani kawai shi ne gidansu can suke tun zamanin mahaifinsa.

Su kuwa manyan ba su taɓa ɗaukar jam'iyya addini ba. A 1993 CDS-Rahama da PNDS-Tarayya suna ƙawance guda lokacin da ɗan garin nan, Mahamane Ousmane, ya kayar da Tandja Mamadou a zaɓen shugaban ƙasa. A 1994 PNDS ta fice ta haɗa kai da MNSD-Nassara. Daga baya CDS ta mara wa Tandja baya, Ousmane ya riƙe shugabancin majalisa. A 2021 kuma ga shi a RDR-Canji yana karawa da Mohamed Bazoum na PNDS. Ba zagin kowa nake ba, haka siyasa take tafiya. Abin da ke damuna shi ne wa da ƙani a Birni ko Zango da suka daina gaisawa, da maƙwabtan da suka ƙi zuwa sunan juna, saboda ƙawancen da masu shi suka warware cikin dare ɗaya. Da Muhajirai da Ansaru suka fara kiran "namu, namu", Annabi (SAW) cewa ya yi a bar ta, domin wari gare ta. Sahabbai ke nan fa, balle mu.

'Yar Annabi Shu'aibu, kamar yadda malamai da yawa suka fassara, sharaɗi biyu na wanda ya fi cancanta a ɗauka aiki ta kawo a Suratul Ƙasas, aya ta 26: mai ƙarfi, amintacce. Ba a gane waɗannan a hoton da aka manna a bango. Tambaya ake yi. Wanda ya yi kasuwanci da shi a Kasuwar Dole ya san ko yana biyan bashi. Idan ya taɓa riƙe muƙami, me ya bari? Garin da mata da yara ke kwana a bakin famfo da jarkoki duk bazara, ga matatar mai ta Soraz tana aiki tun 2011 a jiharmu, ya kamata ɗan takara ya sha tambaya a kan ruwa da aikin matasa har gumi ya keto masa. Mu kuwa shayi da sukari muke tambaya a fada.

Mai karɓar jika biyu ranar zaɓe kuma, ya ji wannan. Buhari da Muslim sun ruwaito mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar Alƙiyama. Cikinsu akwai wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai: in an ba shi ya cika alkawari, in an hana shi ya saɓa. Allah ya tsare mu da shiga cikinsu, amin.