Sai bayan arba'in ake sanin amfanin rubutu

Na yarda da wata marubuciya da ta ce karanta rubutun wanda ya yi rashi yana sanyaya zuciya, amma ta tsallake abu ɗaya. Lokacin zaman makoki gida cike yake, ba mai neman karatu. Sai an yi sadakar arba'in, an naɗe tabarmi, kowa ya watse, sannan kewa ke kama mutum, balle mai takaba ta wata 4 da kwana 10. A irin lokacin ne wani rubutu kan gawo, da ke fitar da ganye da rani bayan sauran itatuwa sun kakkaɓe, ya rarrashe ni. Malam, kai da kake cewa yin irin wannan rubutu ɗabi'ar Turawa ce, ita ta'aziyya ba magana ba ce? Me zai hana a rubuta ta?