Kafin a ɗora mutum a kan kemo, a fara sanin sunan dajin da ke huhunsa

Kawuna ya yi wata 6 cif yana shan maganin tarin fuka a nan Gombe, alhali gwajin kakinsa na GeneXpert bai nuna tibi ba, an dai ce hoton ƙirjin ya yi kama. Tari bai tsaya ba, rama sai gaba take yi. Da likita ya ce a sa allura a zuƙo ruwan da ya taru a gefen huhun a duba, gida ya rikice, goggo ta ce ita kam ba da yawunta ba, wai in ƙarfe ya taɓa daji shikenan ya bazu. Har yau in na tuna kwanakin da muka ɓata muna wannan ja-in-ja raina sai ya sosu.

Gaskiyar magana, ba kasafai allurar ɗaukar samfuri take watsa daji ba. Abin da ke faruwa shi ne muna kai mara lafiya a makare, in jikinsa ya tsananta bayan gwajin sai mu ɗora wa allura laifi.

Kuma fa daji ba ɗaya ba ne, nan ne mutanenmu ba su gane ba. A huhu akwai wasu ƙwayoyi masu halin jijiya kuma suna fitar da sinadarin homon, dajin da ke da irin wannan halin Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa shi gida 4. Biyu ana ce musu kasinoyid, yawanci a hankali suke girma, sau da yawa tiyata ce maganinsu kuma mutum ya daɗe a duniya. Sauran biyun kuwa masu gudu ne, mai manyan ƙwayoyi da mai ƙananan ƙwayoyi, shi wannan na ƙarshen kusan kashi 15 cikin 100 na dajin huhu ne, yawanci a jikin masu shan taba, kuma kafin a ankara ya kai hanta ko ƙashi ko ƙwaƙwalwa, shi ya sa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, da gashi da hasken na'ura ake masa, ba a cika yanka ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Samfurin da allura ke kawowa ɗan mitsitsi ne, in aka shafa a gilashi ƙwayoyin kan murƙushe, a nan kasinoyid zai iya yin kama da mai ƙananan ƙwayoyi a idon mai dubawa. Ka ga kenan wanda tiyata za ta warkar ana iya ɗora shi a kan kemon da bai dace da shi ba, ga wahala ga kuɗi. Maganin wannan shi ne a dunƙule ragowar samfurin a cikin kakin farafin, a yayyanka, a sa masa rinin gwaji. Rinin da ake kira sinaftofaisin da kuromogiranin da INSM1 su nuna dangin dajin, rinin Ki-67 kuma ya nuna saurin rabuwar ƙwayoyin, a kasinoyid ƙasa yake, a mai ƙananan ƙwayoyi galibi ya haura kashi 50.

Na san wani zai ce rinin nan tsada ne, kuma jiran sakamako ga daji mai gudu haɗari ne. Haka ne, kuma ƙwararren likitan ɗakin gwaji sau da yawa yana gane shi da ido kawai in samfurin ya yi kyau. Amma ni a ganina wannan hujja ce ta a yi dunƙulen tun zuƙar farko, kada sai an yi kokwanto a ce wa mara lafiya ya dawo a sake soka masa allura, don da yawa ba sa dawowa. Ya kamata gwamnati ta tabbatar asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe da na ATBU a Bauchi ba sa rabuwa da waɗannan rinin, kuma duk wanda ya yi wata biyu a kan maganin tibi babu sauƙi a sake duba shi.

Na kawu mai ƙananan ƙwayoyi ne, ya daɗe yana shan taba. Ranar da aka karanta mana sakamakon goggo ce ta fara tambayar likita, ta ce yallaɓai, da mun zo tun damina fa?