Yallaɓai, Ba Ɓera Ba Ne

Takardar ɗaukar aiki ta ce in bayyana a ofis ranar Litinin da ƙarfe takwas. Dillalin gida kuwa ya ce mukulli ba zai fito ba sai Lahadi, wai mai gidan ya tafi biki Keffi. Ni ina Kano, aiki yana Abuja, gidan kuma yana Mararaba, jihar Nasarawa. Duk wanda ya taɓa tambayar kuɗin haya a Wuse ko Garki ya san abin da ke sa talaka kwana a wata jiha ya yi sammakon aiki a wata.

Haɗa kaya ya faɗa hannun uwargida da ƙannenta. Suka sayo jakunkunan Ghana-must-go iri ɗaya sak, suka yi ta cusawa ba ji ba gani. Ana cikin haka Inna ta iso da nata guzurin: kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, da ƙullin daddawar da za ta ishi gidan biki.

Na ce, "Inna, ai can ma akwai kasuwa."

Ta yi mini wani kallo, na haɗiye sauran maganar.

Direban a-kori-kura ya rantse kafin magariba muna Mararaba. Taya ta fashe bayan Zariya, inji ya ɗau zafi kafin Kaduna, kaya suka wuni a rana suna dahuwa a ƙarƙashin tamfol. Sai tsakar dare muka isa. Mita babu ko sisi, da fitilar waya muka sauke kaya.

Ina idar da sallar asuba na shiga farautar farar shaddar da na ɗinka musamman don wannan rana. Na zuge wannan jaka, tukwane. Na zuge waccan, labule da takalman yara. Can na same ta, a goge a ninke, an yi wa ƙullin daddawar Inna matashi da ita. Sauran kayan sawata kuwa Allah kaɗai ya san jakar da suke. Na juye mata rabin kwalbar turare. To, jama'a, turare ba ya korar daddawa, aure suke ɗaurawa.

A motar haya, mun maƙale a cunkoson Nyanya, gilasai a rufe saboda ƙura, wata mata ta toshe hanci da gyale ta ce, "Wai wa ya ɗauko miya da sassafen nan?" Ni ma na shiga waige-waige ina tsaki, har na harari wani bawan Allah mai kular abinci.

Ofishin oga sanyi ƙalau, taga a rufe ruf. Ya miƙo mini hannu da fara'a, ya fara bayanin aiki, sai ya tsaya. Ya shaƙi iska. Ya leƙa ƙarƙashin tebur. Ya danna ƙararrawa, wani dattijon masinja Bakatsine ya shigo.

"Baba, duba bayan kabad ɗin nan, ina jin ɓera ya mutu."

Baba ya zaga kabad, ya zaga firji, ya bi labule yana shinshinawa, hancinsa na jansa har ya tsaya daidai kafaɗata. Ya lumshe ido.

"Yallaɓai, ba ɓera ba ne. Daddawa ce. Kuma wallahi ta kalwa ce zalla, ba irin ta waken suyan da suke cutarmu da ita a garin nan ba." Ya juyo gare ni. "Samari, daga ina?"

Oga ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a buɗe tagogi, sannan ya sa a zaga da ni sashe-sashe don gabatarwa. Ba a wahala ba, ko'ina muka shiga labarina ya riga ni.

Kafin azahar Baba ya ce a kawo masa ta ɗari biyar. Hajiyar sashen kuɗi ta kira ni gefe ta ce ƙulli biyu take so, manya. Albashin farko ya yi nawa, kamar yadda ya saba yi wa sabon ma'aikaci, sai ga shi daddawar Inna ce ke biyan kuɗin motata daga Mararaba. Sunana na gaskiya yana jikin katin shaida kawai, ko a taro oga cewa yake, "Mai Daddawa, me ka gani?"

Hajiya dai har yau ba ta biya kuɗin ƙullinta biyu ba, kuma ita ke sa hannu a takardar albashina.