Kun san ruwan ya gurɓace, kuka yi gum

Kwana goma sha ɗaya muka yi muna shan ruwan famfo mai ɗan wari, wanda idan ya kwana a bokiti sai a tarar da wani jan laka kwance a ƙasansa, kafin masu kula da ruwanmu su ga dama su fitar da sanarwar cewa a riƙa tafasa shi. A tsakanin nan ƙaramar 'yata ta kwanta da gudawa, kuma da wannan ruwan na riƙa haɗa mata ruwan gishiri da sukari, ina ba ta da hannuna. Da na je ofishinsu, wani ma'aikaci ya ce mini tun makon farko sakamakon gwaji ya iso, amma manya sun ce kada a tayar wa jama'a da hankali.

Wannan hujja ita ce ta fi ƙona mini rai. Bututu yana iya fashewa, na'urar tace ruwa tana iya lalacewa, duk wannan tsautsayi ne da mai hankali zai yi wa uzuri. Amma mutum ya riƙe takardar gwaji a aljihun teburinsa yana kallon iyaye na ɗura wa 'ya'yansu cuta, wannan zaɓi ne da aka yi da gangan, kuma sunansa cin amana. Hankalin wa ake gudun tayarwa, namu ko na masu tsoron rasa kujerunsu?

Ba yau aka fara ba. A garin Walkerton na Kanada, a watan Mayun 2000, gwaji ya nuna ƙwayar cutar E. coli a ruwa, amma shugaban ma'aikatar ruwan ya riƙa tabbatar wa jami'an lafiya cewa komai lafiya lau, har mutum 7 suka mutu, fiye da 2,000 suka kamu da rashin lafiya. Na birnin Flint a Amurka ya ma fi ban takaici. An koma ɗibar ruwa daga kogin garin a watan Afrilun 2014 ba tare da zuba maganin hana bututu zaizayewa ba, sai dalma ta shiga ruwan. Kafin ƙarshen shekarar kamfanin ƙera motoci na General Motors ya daina amfani da shi saboda yana sa sassan injina tsatsa, amma mutane aka ce su ci gaba da sha, sai a Satumban 2015 likitar yara Mona Hanna-Attisha ta fito da shaidar hauhawar dalma a jinin ƙananan yara. Ga shi tafasa ruwa ba ya kawar da dalma, sai ma ya ƙara mata yawa a abin da ya rage a tukunya, wato wanda ba a gaya masa ainihin gubar ba ko kare kansa bai san yadda zai yi ba.

Duk wata takardar kuɗin ruwa tana iso mu a kan lokaci, ba ta taɓa ɓatan hanya ba. Ina so a fito da sakamakon gwajin nan da kwanan watansa, a kuma faɗa mana wanda ya ba da umarnin a ɓoye shi.