Ni kam fim ɗin da na san ƙarshensa ya fi mini daɗi

Jiya da daddare bayan na rufe shago, kuran, wato wutar lantarki, ya dawo wajen ƙarfe tara, sai na shimfiɗa tabarma a tsakar gida don zafin Garwa na wannan watan ba ya barin mutum ya kwana ɗaki, na jawo tele bakin ƙofa na sa Sholay. Babban ɗana ya leƙo ya ce, "Baba, wannan fim ɗin kuma? Ai ka san wanda zai mutu." Uwarsu tana daga madafi ta ce, "Ƙyale shi, tun kafin a haife ka yake tare da mutanen nan, ya fi sanin su da dangina." Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma maganar yaron ta tsaya mini a rai shi ya sa na ce bari yau in zazzage muku, wanda zai karanta ya karanta, wanda ya ga ya yi tsawo ya wuce abinsa ba faɗa.

Eh na san wanda zai mutu. To ai dalilin da ya sa nake sake kallo ke nan. Kallon farko ba kallo ba ne wallahi, gudu ne, zuciya na bugawa kana so ka ga ina za a faɗa, ba ka ganin komai sai gaba. Sai a na biyu da na uku ido yake natsuwa ya fara tsintar abin da ya zubar a hanya.

Ku ɗauki Sholay ɗin nan, fim na 1975, ya fi awa uku. Jai, wato Amitabh, yana da wata kwandala da yake cillawa sama duk lokacin da suka rasa abin yi shi da abokinsa Veeru, kuma kullum abin da ya zaɓa shi ke fitowa. Kallon farko ka ce sa'a ce. Sai can ƙarshe bayan ya mutu Veeru ya ɗauki kwandalar ya juya ya ga ashe fuskokinta biyu iri ɗaya ne, ma'ana ranar da ya ce a cilla don a ga wanda zai tsaya ya tare 'yan fashi wanda zai tsere, ya riga ya zaɓa wa kansa mutuwa. Yanzu dan Allah ka koma farkon fim ɗin da wannan sanin a cikinka, ka ga yadda yake cillata yana wani basarwa kamar ba komai. Ba fim ɗaya kake kallo ba kuma. Haka Thakur, tsohon ɗan sandan da ya ɗauko su aiki, da mayafinsa da ba ya rabuwa da shi, ga bindiga a gabansa a ƙasa ana kashe-kashe ya ƙi ɗauka, muna yara muka zage shi tas a bidiyo kulob muka ce matsoraci ne, ashe Gabbar, shugaban 'yan fashin, ya sare masa hannaye biyu. Tun daga ranar duk sanda ya fito mayafin nake kallo.

Da na ce bidiyo kulob yaran yanzu ba za su gane ba. Mu ba mu riski silima sosai ba, manyanmu ne ke ba da labarin silimar Ribadu a nan Garwa, kuma a Kamaru gaba ɗaya manyan gidajen silima na ƙarshe, Abbia na Yawunde da Wouri na Duwala, a 2009 suka rufe, sai daga baya aka buɗe sababbi can kudu. Namu silimar ita ce rumfar zana a bayan gidan wani, benci huɗu, tele ɗaya a kan tebur, dala biyar kuɗin shiga, in fim ɗin sabo ne dala goma. Kaset ɗin daga Kano yake tasowa ya biyo ta Yola ko Mubi, kafin ya iso hannunmu an kwafe shi sau nawa Allah kaɗai ya sani, fuskar jarumi ta koma kore-kore. Kuma akwai wani yaro a unguwarmu da ba ya jin Indiyanci ko kalma ɗaya amma shi ke mana fassara, Hausa da Fulatanci a cakuɗe, yau ya ce jarumin ya ce kaza, gobe a wuri ɗayan ya ce wani abu daban, kuma ba mai musa masa don in ka musa sai ya yi shiru ya bar ku da Indiyancinku. Mai kulob kaset goma yake da su yana jujjuyawa, to dole ka maimaita. Ina ga a nan muka koyi wannan ɗabi'ar, rashi ne ya koya mana.

Amma wanda ya fi kama ni duk cikinsu Mother India ne, na 1957. Wannan fim ɗin sau uku ya canja mini kama a rayuwata. Ina yaro ni ɗan Birju ne, ɗan nan mai taurin kai da ya tashi yana ganin mai ba da bashi Sukhilala yana kwashe kashi uku cikin huɗu na abin da uwarsa ta noma saboda bashin rupi 500 da aka ci don bikin aurenta, ya girma ya zama ɗan fashi ya dawo ya kashe mutumin. Da uwar ta ɗaga bindiga ta harbe shi don ya saci 'yar mutane, na fita daga rumfar ina huci, na ce wannan wace irin uwa ce. Da na yi aure na fara sanin kuɗin buhun gero sai na koma kallon mijin, Shamu, wanda dutse ya murƙushe masa hannaye, ya zauna ana ciyar da shi ana masa gori har ya kasa jurewa ya sulale cikin dare bai sake dawowa ba. Da can ko lura da shi ban yi ba. Yanzu kuwa ba na iya kallon wurin ban kau da kai ba, don na san maza a garin nan da suka ce za su Duwala neman kuɗi, yau shekara nawa ko waya. Sai kuma bayan rasuwar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, na sake sa shi, ranar ban ga Birju ba ban ga Shamu ba, uwar, Radha, kawai na gani da garma a kafaɗa tana ja a madadin shanu, da ruwan da ya cinye gonar, na tuna ambaliyar 2012 da yadda mata suka riƙa fitowa da tukunya a ka da yaro a baya. Fim ɗin yana nan yadda yake tun kafin a haife ni, kaset ne ya koma CD, CD ya koma memori.

Wani abin dariya, Nargis da ta fito uwar ba ta kai shekara talatin ba lokacin, kuma Sunil Dutt da ya fito Birju ɗanta shi ta aura a 1958, bayan ya cece ta daga gobarar da ta tashi wajen ɗaukar fim ɗin. Su suka haifi Sanjay Dutt. Na gaya wa wata gwaggona wannan ta ce a'uzubillahi ta auri ɗanta, har yau ba ta yafe wa matar ba.

Na Umar Mukhtar kuwa, wanda Mustapha Akkad ya yi bayan Ar-Risala, shi sai da azumi nake nemansa ban san dalili ba. Yaƙin bai dame ni yanzu ba, tankokin Italiya da dawakai duk na haddace. Tsohon nake kallo, malamin allo da tabarau, yana cikin karantar da yara a zo a kira shi ya tashi ya hau doki. Shekara kusan ashirin yana fafatawa da Italiya har suka kama shi suka rataye shi a 1931 yana da shekara saba'in da wani abu, kuma wurin da tabaraunsa ya faɗi yaro ya ɗauka, ko sau ɗari na gani sai maƙogwarona ya ɗaure. Abin da da yawa ba su sani ba, kafin Italiya ta shiga Libiya mutumin nan ya zauna a arewacin Chadi, 'yan Sanusiyya suka tura shi lokacin da suke artabu da Faransa. Ashe maƙwabcinmu ne ma. Kuma wanda ya fito a matsayinsa, Anthony Quinn, haifaffen Meziko ne, shi ne dai Hamza a Ar-Risala na Turanci. Tsofaffinmu da yawa sun rasu suna ɗauka Balarabe ne malami.

Tunda na ambaci Chadi bari in yi ƙorafi. Mu nan muna iya lissafo jaruman Indiya talatin da sunan iyayensu, amma ka tambayi mutum Mahamat-Saleh Haroun sai ya ce ɗan kwallo ne? Mai shirya fim ne, mutumin Abeshe a Chadi, fim ɗinsa Un homme qui crie ya ci kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes a 2010, bayan nan ne ma aka gyara silimar Normandie ta Njamena aka sake buɗe ta a 2011. Ni wani direban da ke jigilar kaya zuwa Kusiri ne ya tura mini wani fim ɗinsa shi Haroun ɗin, Daratt, na 2006, ya ce ka kalla amma ba waƙa ba rawa. Gaskiya kallon farko na yi gyangyaɗi, mutane ba sa magana, sai kallon-kallo. Labarin yaro ne Atim, rediyo ya sanar an yi wa masu laifin yaƙi afuwa, kakansa makaho ya miƙa masa bindiga ya ce je Njamena ka kashe wanda ya kashe ubanka. Ya je ya tarar mutumin, Nassara, ya tsufa, mai gidan burodi ne, yana sallah, yana raba wa yara burodi sadaka, maƙogwaronsa ma ya lalace sai ya kanga wata 'yar na'ura a wuya kafin magana ta fito. Yaron ya shiga koyon aiki wurinsa da bindiga a jiki. A ƙarshe ya kai shi gaban kakan a daji ya harba sama, tsohon da ba ya gani ya ɗauka an gama.

To da na san ba zai kashe shi ba, sai kallo na biyu ya zama na hannaye. Yadda tsohon ke nuna masa murza ƙullu, yadda yaron ke dukan ƙullun kamar wuyan mutumin ya kama, yadda ranar da burodinsa na farko ya yi kyau ya so ya yi murmushi ya tuna wa ke gabansa ya haɗiye. Ni tela ne, wurin wani na koyi ɗinki shekara shida, mutum mai zafin hannu, na tsane shi na kuma so ya ce aikina ya yi, duk a lokaci guda. Ban taɓa ganin fim ɗin da ya san wannan abin ba sai wannan. Kuma burodin irin namu ne dogon nan da muke karyawa da shayi, ƙurar irin tamu, Larabcin irin wanda muke ji a tasha. Na kalle shi ya kai sau bakwai.

Na Hausa fa? Kar 'yan Kano su ce na yi wariya. Zamanin Sangaya da Wasila mun sha kallo, amma in faɗi gaskiya waƙoƙin ne ke mayar da ni, labarin ba ya jure maimaici sosai. Wanda ke jurewa marigayi Ibro ne, Allah ya gafarta masa, tun Disambar 2014 ya tafi amma har yau in na ga guntun bidiyonsa sai na tsaya, kuma ka san abin da zai faɗa, dariyar ma tun kafin ya buɗe baki take zuwa. Su Bruce Lee kuwa na bar wa ƙuruciya, na gwada kwanaki na ga ashe ihun ne kawai muke so.

Inda za mu saɓa da yaran yanzu shi ne waɗannan masu dogon zango. Ba na ce ba su da kyau ba, matata ba ta yarda a taɓa tele ranar da ake sa nata. Amma duk ƙarfinsu a kan "me zai faru mako mai zuwa" yake, da ka sani shi ke nan an tsotse rake an yar. Wa kuka taɓa ji ya ce bari in koma kashi na 47 in sake kallo? Haka fassarar Indiya-Hausa, tana da daɗi ba musu, ta sa iyayenmu mata sun gane labari, amma mai fassara ba ya iya yin shiru, ko jarumi ya tsaya yana kallon ƙasa sai an cusa masa barkwanci a baki. A Sholay akwai wurin da matar nan mai fararen kaya da mijinta ya mutu take bi tana kashe fitilu da daddare, Jai yana zaune can nesa yana busa ɗan abin busarsa, ba wanda ya ce uffan, kuma duk soyayyar fim ɗin a nan take. Ka sa surutu a wurin ka kashe shi. Ko da yake, in an bi ta gaskiya, mai fassarar unguwarmu ma surutun yake yi, sai dai shi a wannan wurin yakan yi shiru don bai san me zai ƙirƙira ba.

Yaron da ya ce na san wanda zai mutu, da aka kai wajen faɗan jirgin ƙasa na farko sai na ga ya ajiye telefon ya zauna a gefen tabarma wai yana jiran caji. Bai tashi ba. Da Jai ya cilla kwandala ya ce, "Baba, shi wannan kullum shi ke ci?" Na ce sa'a gare shi. Muna kusa da wurin da Gabbar zai kama Basanti, budurwar Veeru, aka ɗauke kuran, yau da daddare za mu ƙarasa in an kawo. Abokansa da ke bina a nan, na roƙe ku kar wanda ya tura masa wannan rubutun sai gobe.